Bidi Kuru Ne, Ba Tsumburarre Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Inganta Irin Dabbobi na yankin Anka, Gummi da Bukkuyum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya dafa maka.

Ranka ya daɗe, sunana Bawa, tsohon malamin firamare a Gwashi, na ajiye alli na koma gona. Na yi ta sintiri ofishinku ban dace da kai ba, kullum sai a ce ka fita rangadi, ga shi lokaci yana ƙure mini, shi ya sa na rubuto a fili. Maganar doki ce. Na san wani zai ce a wannan marra da mutane ke kwana da ido ɗaya, tsoho ya rasa abin kuka sai doki. Na yarda a yi mini dariyar, amma a karanta har ƙarshe.

Na farko, ga abin da ya faru. A tsakiyar daminar nan ma'aikatanku suka zo garinmu yi wa dabbobi allurar rigakafi, kuma mun gode, shanu da awaki sun amfana. Da suka iso gidana, ɗaya daga cikinsu, mutum mai ladabi wanda ya durƙusa ya gaishe ni, ya hango dokina Bidi a turke. Ya zagaya shi, ya auna tsayinsa da ƙirjinsa, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Baba, wannan ai ya tsumbure. Dalma ce ta taɓa shi." Kafin in buɗe bakina ya shafa masa jan fenti a ɗuwawu. Ya yi mini bayani cewa duk namijin da aka shafa wa ja za a dandaƙe shi idan suka dawo bayan girbi, don kada ya ɓata iri, ku kuma za ku kawo manyan ingarmu su hau goɗiyoyi. Ya ƙara da cewa garin da bai cika wannan sharaɗi ba, za a tsallake shi a allurar gaba.

Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Duk wanda ya san abin da gubar dalma ta yi a Tungar Daji da ƙauyukan da ake niƙan dutsen zinari, ya ga ƙananan kaburbura, ya ga dabbobi suna faɗuwa, to dole idonsa ya koyi tsoron duk wani abu da bai kai girma ba. Mu nan in ka ga yaro ya ƙi girma, zuciyarka can take fara zuwa. Amma Bidi bai tsumbure ba. Kuru ne, wato irin gajeren dokin nan namu na ƙasa, mai kauri, mai babban ciki da gajerun ƙafafu. Haka ubansa yake, haka kakansa yake, tun kafin wani ya san akwai zinari a ƙarƙashin gonakinmu. Ni kaina gajere ne, duk gidanmu haka muke, kuma har yau ba wanda ya zo ya shafa mini fenti.

Na biyu, ina so ka san ko wane ne ake shirin dandaƙewa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya bar mini wannan iri. Ina saurayi na raina su, ina ganin kamar jaki ne aka ɗaura wa sirdi. Yakan ce mini, "Bawa, wanga doki ba na kallo na ba. In ruwa ya ci hanya, shi ka kai ka gida." Ban gane ba sai wata damina da Inna mahaifiyata ta kwanta ciwo, gulbi ya cika ya batse, babu babur ko mota da za ta ƙetare. Muka ɗora ta a kan kakan Bidi da hantsi. Na riƙe ragama, shi kuwa ya tsaya a bakin ruwa ya sunsuna, ya ƙi inda nake jansa, ya gangara ƙasa kaɗan ya shiga inda ya zaɓa da kansa. Yana ɗaga ƙafa yana lalube kamar makaho mai sanda, ruwa har ƙirjinsa, bai girgiza ta ko sau ɗaya ba. Da muka hau tudu Inna ta shafa wuyansa ta ce, "Wanga ɗan doki ya hi mota hankali." Wallahi har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Wa ya koya masa zurfin ruwa? Sai dai mutum ya ce Subhanallah.

Shi kansa Bidi ya yi nasa aikin. Lokacin da aka hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro, babura suka kwanta a zaure, shi ya riƙa ɗauko wa unguwarmu gishiri da magani daga Bukkuyum. Ba ya neman dawa kwano-kwano. Harawa, ɗan dusa da kanwa sun ishe shi, ƙudan damina da ke kayar da manyan dawakai shi ko a jikinsa. Ingarmun da za ku kawo na tabbata kyawawa ne, amma talakan da bai gama ciyar da 'ya'yansa ba, ban san da me zai ciyar da su ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, iya bincikena daga Gwashi har kasuwannin Gummi da Anka, ban sami wani namijin kuru da ya rage da mazantakarsa ba in ban da Bidi. Ɓarayin daji sun kora wasu, an sayar da wasu lokacin gudun hijira, babur ya kori sauran. Akwai goɗiya kuru a hannun Bello, wani Bafulatani da muka yi maƙwabtaka kafin ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Gummi. Da labarin jan fenti ya kai masa, takanas ya zo ya same ni ya ce, "Malam, puccu wanga, dokinga naka, kak ka bari a taɓa shi. Goɗiyata shi taka jira." Mun shirya haɗa su da rani, in hanya ta yi lafiya. Ku kuma za ku dawo kafin rani.

Na uku, ranka ya daɗe, ga wani labari da na ji a rediyo, wanda shi ya ba ni ƙarfin halin ɗaukar alƙalami. A ƙasar Japan, cikin duwatsun wani yanki da ake kira Kiso, akwai wani irin doki nasu na asali, gajere, mai babban ciki da ƙarfin ƙafa. Shi ke yi musu noma, shi ke hawa dutse da kaya. Saboda ƙaunarsa, a ƙarƙashin rufi ɗaya suke kwana da shi, kuma mata ne suka fi kula da shi. Sai hukumarsu ta wancan zamani ta ga tana bukatar manyan dawakai don soja. Aka shigo da ingarmu daga waje, aka kafa doka a dandaƙe mazajen na gida, daga baya injin noma ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Irin ya kusa shafewa ƙaf. Sai aka tarar da namiji ɗaya da ya tsira, don kawai an keɓe shi ga wani ɗakin bautarsu, ba wanda ya iya taɓa shi. Aka haɗa shi da goɗiya ta asali, ta haifi duƙushi, daga tsatson wannan duƙushi irin ya sake tashi. Yau suna tattalinsa kamar ƙwai, suna sanin asalin kowane ɗaya, har 'yan makaranta ake kaiwa su gan shi.

Ina zaune a kan tabarma da rediyo a hannu na ji labarin har ƙarshe. 'Yata Hadiza, wadda ke aikin jinya a Gummi, ta nemo mini hoton dokin Kiso a waya da ta zo gida. Na dubi hoton, na ɗaga kai na dubi turke, na sake duban hoton. Ga cikin nan, ga gajerun ƙafafun nan, ga kallon nan na wanda ba ya gaggawa. Ikon Allah! Ƙasa can bayan teku, mutanen da ba mu haɗa harshe ko addini ba, amma Ubangiji ya ƙera musu gajeren doki daidai da dutsensu kamar yadda ya ƙera mana daidai da fadamarmu. Kuma mutanen da suke ƙera motar da kake hawa da babur ɗin da ya kori dokinmu, su ne suka dawo suna lallaɓa ɗan guntun doki don sun gane ba masana'antar da za ta iya ƙera shi. Na yi kuka a ranar, ban ɓoye wa 'yata ba. Su sun sami ɗakin bauta ya tsare musu nasu. Mu Musulmi ne, ba ma keɓe dabba ga kowa, don haka Bidi ba shi da wata katanga sai sa hannunka.

Na huɗu, sharaɗin nan ya haɗa ni da mutanen garina. Mai gari ya kira ni zaurensa ya ce, "Malam, mi za mu yi? In ba a taɓa dokinka ba, shanun gari duka ka rasa allura." Gaskiya ya faɗa. Mutanen da na koya wa 'ya'yansu karatu yanzu suna amsa gaisuwata a gajarce. Ba zan iya zama sanadin mutuwar saniyar marayu ba, kuma ba zan iya miƙa Bidi ba. Bai kamata a sa tsoho a wannan tsaka mai wuya ba.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kamar haka. A dakatar da dandaƙe Bidi har sai likitan dabbobi ya ɗebi jininsa an auna. A raba allurar rigakafi da wannan sharaɗi, don lafiyar shanun gari ba ta da alaƙa da tsayin dokina. A sanar da ma'aikata cewa akwai irin da ake kira kuru, su riƙa tambayar asalin dabba kafin su buɗe gwangwanin fenti. In da hali kuma, a taimaka mana da rakiya mu kai shi wajen goɗiyar Bello, ko a kawo ta.

Ban ce kada ku kawo manyan ingarmu ba, mai so ya kai goɗiyarsa. Kuma na yi maka alkawari a gaban duk mai karanta wannan takarda: idan awo ya nuna dalma ce a jininsa, ni da kaina zan kama ragama in riƙe shi a dandaƙe, ba zan ce uffan ba. Amma idan aka riga aka dandaƙe shi sannan awo ya nuna lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe, ban san ofishin da zan je a mayar mini ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka a hanyoyin rangadi, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, mu da dabbobinmu. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Bawa Mai Kuru,
Gwashi.