Zanen Hannun Tofazzal

Saidpur, 9 ga Ramadan

Zuwa ga ɗana Tofazzal,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kana kuma samun abin buɗe baki mai kyau a Gazipur. Mu nan lafiya, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ka rubuto an mai da kai sashen ekstirushan a masana'antarku. Kwana biyu ina juya kalmar a bakina, sai na kai wa Malam Haripada, wanda ya koya mini karatu bayan rasuwar babanka. Ya buɗe ƙamus, ya ce daga harshen Rumawan dā ta fito, ma'anarta tura abu waje da ƙarfi. Wai narkakkiyar roba ake dannawa ta rami, ta fito bututu. Na ce ashe injin taliyata ne ya girma. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Shekara talatin ina murza taliyar Sallah, na san abin da hannu yake yi idan ƙulli ya toshe. Ka san inda kan yatsana ya tafi.

Kuma rubutunka ya canza. Haruffan sun karkace kamar nawa a shekarar farko ta koyon rubutu. Ƙanwarka Shefali ta ce gajiya ce, wai na cika neman abin kuka. To, ka ɗora hannunka na dama a takarda, ka zagaye shi da biro, ka aiko mini.

Mahaifiyarka,
Jobeda Khatun

Saidpur, 23 ga Ramadan

Ɗana Tofazzal,

Ina gaishe ka, ina fatan kana samun sauƙi. Sauƙi na ce, ban yi kuskure ba.

Zanen ya iso. Yatsu biyar cif. Shefali ta yi ta tsokanata, har da rawa a tsakar gida. Na zauna bakin murhu ina kallonsa har madara ta ƙone. Hannun mai kyau ne, ka gode wa mai shi. Amma ƙaramin yatsanka a lanƙwashe yake tun da ka faɗo daga mangwaron Inna Rahela, wannan kuwa miƙaƙƙe ne.

Ba fushi nake ba. Ban sayar da taliyar bana ba, na ɗaure ta a kwando. Zan shigo motar ranar Alhamis. Kada ka sa hannu a aljihu idan ka zo taryena. Ko nawa suka rage, ni na haife su, ina so in gan su.

Taka mai addu'a kullum,
Jobeda Khatun