Manyan Haruffan Baba

Yaya,

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, amma in na tsaya a gabanka bakina ba zai buɗe ba. Na tafi wurin ɗinki kana barci.

Jiya da ka rage girman rubutun kwamfutar Baba, ka ce yanzu komai ya samu wuri, da kuwa kamar allon talla take. Na taya ka dariya, sannan na shige kicin na yi ta kuka. Tun da idonsa ya fara rauni ni yake kira: "Auta, ƙara mini kaɗan." Duk girman nan da hannuna aka yi shi. Tun rasuwarsa, in na buɗe ta sai in ji kamar alwala ya fita.

Na san aikinka na son fili. Don Allah ka bar mini ita haka, ko na ɗan lokaci ne.

Da safen nan na mayar. Na manta lambar da muka tsaya, sai na zauna a kujerarsa, na yi ta ƙarawa har na ji kamar ya ce, "Ya isa, Auta."