Ɓarawon Fim, Jinin Gaske

Zuwa ga Basiratu, ruwan shuka na hwari, inuwag gawo da tsakar rana, wutad dajin da tac cinye zuciyata ba ta bar ko toka ba! Ki yi haƙuri da rubutun ga. Aji ukku niy yi ga lakkol, kuma da ido guda nika gani yanzu.

Ni na, Zaidu, Zaidun Damana mai sauke buhu tasha, wanda dud Filingue ka kira ɓarawon hatsi tun ranal Lahadi. Babanki ya aiko an ce mini kar in ƙara taka ƙohwag gidanku. Na ji. Amma ke ba ki ce komi ba, kuma wallahi shirunki ya hi sanda zahi.

Kin tuna ranad da munka tsaya bakin shagon mai tele bayan la'asar, tiren kopto, kwaɗon ganyen da kika saidawa, bisa kanki? Ana nuna wani fim. Wani talaka ɗiyanshi sun kwana ukku ba su ci ba, yas saci abinci, anka kama shi anka yi ta bugu. Nij juya nig ga hawaye na zuba ga kumatunki kamar ruwa ga indararo. Kinka ce wanga bawan Allah, da kina wurin da kin kwanta bisanshi an buge ku tare. Kishi yak kama ni, Basiratu! Kishin mutumin cikin gilashi! Wata huɗu da zuwana garin ga, kin ba ni murmushi, kin ƙara mini ƙuli bisa kopto, kin bar ni na gaida Baba, amma hawaye irin waɗannan ban taɓa samun ko guda ba.

Shi yas sa da masu fim sunka zo daga Yamai ban yi gardama ba. Babbansu, wani Abdulgafar mai tumbi da tabarau, yag gan ni tasha yac ce huskata ta yi, huskay yunwa ta. Ni ina tsammani yabo na. Sunka tuɓe mini rigata, wadda kinka ce ta karɓe ni, sunka ba ni tsumma, sunka ƙara yage shi da reza, sunka shahwa mini toka ga leɓe. Har yau ban gane ba. Talaucin da niz zo da shi daga gida bai ishe su ba? Mutane sun ci shinkahwa sun ƙoshi, su taso tun Yamai neman yunwa su sa cikin na'ura, mi za su yi da ita?

Wai aikin mai sauƙi na. In ɗauki tiya guda ta hatsi gaban wani tsoho, shi ma nasu na, in ruga. Mutum ukku nasu su bi ni da karan dawa su yi kamar suna bugu. Kamara sunka ɓoye bisa wata babbam mota don kar mutane su tsaya kallonta. Ba su hwaɗa ma sarkin kasuwa ba, ba su hwaɗa ma kowa ba. Ni kau ban hwaɗa miki ba, don ina so ki gan ni kwatsam cikin tele ki yi mini kuka.

Tsohon na cewa ɓarawo, kasuwa tat tashi kamar an taɓa gidan rina. Masu karan dawa ko ganinsu ban yi ba. Mahauta sunka taso, masu amalanke da sandunan jakkai, wani da ƙarhen awo, wani da bulo. Dutsi yas same ni ga ƙeya nih hwaɗi bisa hatsin, shina shiga mini baki tare da ƙasa da jini. Haƙarƙarina yay yi ƙas kamar kara. Ina ihu fim na, fim na, takalmi yar ruhe mini baki, haƙora biyu sunka tahi. Wani na cewa a kawo taya da ashana. Abdulgafar can bisa mota bai sauko ba, kamara na ta aikinta.

Ina jin ana tambaya ɗan wa na, ɗan wa na? Ba wanda yas sani. Da garinmu Damana ta, kahin sanda ta biyu wani ya ce ku bari, ɗan Gajere na, gidansu ko zangarniya ba a taɓa ɗauka ba. Nan kau baƙo ni ke, ba ni da uba ga bakin kowa.

Wanki, Ibrah, ya san ni, tabarma guda munka sha shayi. Shi yab buga mini idon ga. Da niɗ ɗaga kai ta tsakanin ƙahwahun mutane, ke nig gani, hasken raina, tsaye, tire bisa kai. Ba ki kuka. Ba ki motsa ba. Wata tsohuwa mai daddawa, Inna Dije, wadda ko sunana ba ta sani ba, ita tak kwanta bisana har jandarma sunka iso. Abin da kinka ce za ki yi ma na cikin tele, ita tay yi mini shi. Don mi, Basiratu? Tsoro na yar riƙe ki, ko kin yarda ɓarawo ni ke? Jinin wancan na cikin tele jan ruwa na anka shahwa mishi. Nau har yanzu shina nan ga ƙasa gaban rumhwam masu gishiri, ƙuda na bi.

Masu fim sun yi ma jandarma bayani. Abdulgafar ya zo gidan likita ya dahwa kahwaɗata, wai bai taɓa ɗaukar abu mai kyau irin wanga ba, masu kallo sai sun yi kuka. Gari na wayewa sunka koma Yamai. Bayanin ya tsaya wurin jandarma, bugun kau shina yawo cikin salulak kowa, kuma shi Baba yag gani.

Zuciyata na ce mini in wasa adda in bi su Yamai, in hwasa kamara, in hwasa tabarau har da abin da ke bayanshi. Tana ce mini in tare Ibrah hanyar rijiya. Shi na rantse ba ni taɓa shi, nono guda kunka sha, in na zub da jininshi naki niz zubas. Amma wutag ga tana ci, furen kadanyata, tana ci, kuma ba wanda ka iya kashe ta sai ke.

Ga roƙona, guda ɗaya tak. Lahadi mai zuwa za ni sa rigata, in ɗingisa in shiga kasuwa da rana tsaka, in ratsa ta gaban mahauta da masu amalanke, in tsaya gaban tirenki kamar kullum. In kin ɗauke ni ɓarawo, ki ruhe tiren da hwaihwai, ba sai kin ce komi ba, in shiga motad Damana kar ki ƙara ganina. In kau kin san wa ni ke, ki zuba mini kopto gaban Ibrah, gaban kowa, ki kira ni da sunana da ƙarhi kasuwa ta ji ina da wani. Hawayen ma na yahe.

Sai dai ki rage yaji, bakin bai warke ba.

Naki da ido guda ko biyu, har ranad da anka ruhe su da ƙasa,
Zaidu ɗan Gajere