Tafin Inna a Rukuni na Huɗu

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara da tarin littattafanka.

Ba zan ja ka da nisa ba, tukunya na kan wuta. Mai buga mana takardar da muke liƙa wa gwangwani ya tsegunta min cewa Dillali, mutumin nan da ke rarraba mana kaya a shaguna, ya je yana tambayar yadda za a buga masa irin tamu sak: sunan Tafin Inna, da zanen hannun. Hannun Innarmu fa, Yaya, wanda na zagaye da biro a bayan kwali wata biyu kafin ta rasu. Shekara tara ina dafa man shafawarta da wannan suna, ban taɓa yi masa rajista ba. In ya riga ni, an ce ni ce zan koma mai kwaikwayo.

Ofishin rajistar tambari yana kusa da kai. An ce sai an zaɓi rukunin kaya, kuma rukunin da ka zaɓa shi kaɗai za a kare maka. Ka bincika mana. Kai ne mai karatun gidanmu.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Littattafai suna amsawa, sun ce rabon da a gaishe su tun ranar da Antinki ta yi musu barazanar ashana.

Kin kawo kuka inda ya dace. Na samo jerin, na karance shi tas da jan biro a hannu. Ashe an raba duk abin da ɗan Adam ke sayarwa gida arba'in da biyar. Bindigogi suna na sha uku, kayan kiɗa na sha biyar, maɓallai da gashin kanti an haɗa su ɗaki ɗaya a na ashirin da shida, ban san laifin da suka yi wa juna ba. Na ji daɗin karatun nan fiye da yadda ya kamaci mutum mai hankali.

Ga hukuncina. Kowa zai ce miki na uku, inda sabulu da turare da man kwalliya suke. Wannan tunanin gama-gari ne. Man Inna ba kwalliya ba ne. Kin manta fason da ke dugadugaina, wanda tsabar kuɗi ke iya ɓuya a ciki? Kwana shida ta shafa min ya rufe. Wurinsa rukuni na biyar, cikin magunguna, ya zauna da manya. Ki sa hannu a takardar da na haɗo, sauran aikin ki bar wa masana.

Ki gaida maigidanki, ki ce masa har yanzu ina jiran ƙamus ɗina da ya ara.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na gode, Allah ya ƙara basira. Amma ban sa hannu ba.

Ni ban taɓa ce wa kowa ina sayar da magani ba, Inna ma ba ta taɓa ba. Ba zan rubuta wa hukuma abin da ba na yi ba don fasonka ya ji daɗi. Na uku dai, inda kowa yake.

Sai dai akwai wani abu. Ka san muna karɓar gwangwanayen da suka ƙare mu wanke mu sake cikawa, kuma ni nake wankin da kaina. Ƙananan suna dawowa fes, an lashe su da yatsa. Manyan kuwa, tun bara nake ganin baƙi-baƙi a bakinsu, da zaren tsumma, da wani wari kamar na sabon takalmi. Da na karanta wasiƙarka sai abin ya faɗo min. Na ɗauki mayafi na bi layin masu gyaran takalma da ɗinkin jaka. Yaya, kusan kowace rumfa akwai hannun Inna a ƙarƙashin benci! Wani dattijo ya ce min, “Hajiya, ke ce mai shi? Ai ƙirgi ko ya bushe kamar katako, in ya sha wannan sai ya yi laushi kamar kunnen jariri.” Ashe manyan gwangwanayen da Dillali ke cewa masu gyaran gashi ne ke saye, nan yake kai su. Bai taɓa faɗa min ba.

Don haka ka sake duba jerin naka, ka nemo min inda man laushin ƙirgi yake. Nan ma za mu yi. Biyu ke nan. Ga sabuwar takarda na sa hannu, na bar maka gurbin lambar kawai. Lambar kawai, Yaya.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa irin ta wanda aka mayar ɗan aike.

Na nemo. Rukuni na huɗu ne. Kin san maƙwabtan da kika zaɓa wa mahaifiyarmu? Baƙin man inji, da giris, da kyandir. Na so in kai ta cikin likitoci, kin kai ta gareji. Kwana biyu ina fushi, ba wanda ya lura.

Ranar Talata na je ofishin. Hawa na biyu, fanka ɗaya mai juyawa kamar ana roƙonta, benci mai ƙafa uku da rabi. Ba zan ɓoye miki ba, da na zauna gaban ma'aikaciyar, wata mai tabarau a ƙarshen hanci, gurbin nan yana nan fari, biro kuma yana hannuna. Na shiga yi mata bayanin falalar rukuni na biyar, har da tarihin faso. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, “Malam, kai ne mai kayan?” Na ce ƙanwata ce. Ta ce, “Ka taɓa sayar da ko gwangwani ɗaya?” Na ce ni harkata nazari. Ta ce, “To rubuta abin da mai kayan ta ce. Nan ba a tambayar abin da kaya ya cancanta, ana tambayar abin da ake yi da shi.”

Shekara ashirin da shida ina koyarwa, ban taɓa rufe bakin ɗalibi da tsafta haka ba. Na rubuta uku, na rubuta huɗu. Ta buga hatimi da kwanan wata, ta ce kwanan watan nan shi ne dukiyarki, ki adana. Ga rasit ɗin na haɗo. Har yanzu ina ganin na huɗun ɓata tawada ne, amma an rubuta.

Yayanki, ɗan aike

*

Auta,

Sallama. Na san wata biyar ban rubuto ba. Yau kam dole.

Jiya da la'asar ina zaune a baranda sai ga Dillali, da sabuwar hula da ledar lemo. Bayan gaisuwar da ta fi ƙarfin zumuncinmu, ya fito da wata wasiƙa daga ofishin rajista. Ashe kwana tara bayan zuwana shi ma ya je. Bai ko kalli rukuni na uku ba, ya san nan za ki tsare. Na huɗu ya nufa kai tsaye, da sunan Tafin Inna, da wani hannu da aka zana masa mai yatsu kamar ayaba. Niyyarsa ya bar miki mata da ƙananan gwangwanaye, shi ya kwashe layin masu takalma da sunan uwarmu, da man da wani zai dafa masa. An mayar masa da takardarsa, an ce akwai wadda ta riga shi.

Wai ya zo in sa baki ki bar masa na huɗun, tunda ke ba harkar takalma kike ba. Na ce masa ni ɗan aike ne. Sai ya dube ni da baƙin ciki na gaskiya, ya ce, “Wallahi Malam, da na ji kai za ka cika mata takardar, hankalina kwance yake. Na ce mai karatu ba zai taɓa kallon ƙasan benci ba.”

Auta, an sha zagina a duniya, amma ba a taɓa yi da ladabi haka ba. Na karɓi lemon dai.

Bayan ya tafi na daɗe a zaune. Kin san abin da na tuna? Kowace safiya in Inna ta gama shafa mana mai, ba ta goge hannunta da zane. Takalmin Baba na zuwa aiki take jawowa daga bakin ƙofa ta murje sauran a kai. Shekara nawa takalmin nan ya yi bai tsage ba? Ina zaune a wurin kullum, da littafi a gaban fuskata. Ke ba a ma haife ki ba, amma ke kika gano shi a bakin gwangwani. Na karanta rukuni arba'in da biyar, ke kin karanta tsumma ɗaya, kin fi ni.

Kada ki nuna wa maigidanki wannan wasiƙa.

Yayanki

*

Yaya,

Na nuna masa. Ya ce a gaishe ka, ƙamus ɗin ma ya yafe maka tambayarsa.

Takardun shaida sun iso, guda biyu. Na uku na rataye a shago. Na huɗu na sa a firam na aiko maka, don hannunka ne ya rubuta lambar.

Akwai babban gwangwani ɗaya a cikin kwalin. Anti ta ce fason ya dawo, takalmanka kuma duk sun bushe. Ka fara da wanda ya fi tsagewa. Duka biyun da rajista.

Allah ya jiƙan Inna.

Auta