Inna, Na Karanta Abin da Suka Rubuta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinta na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima. Ni ce Rabi. Na san wasiƙa ba ta shiga kabari, na kuma san da kina raye da kin ce, "Rabi, ke dai magana ba ta kwana a cikinki." Gaskiyarki. Sai dai wannan maganar shekara talatin da ɗoriya kika yi kina bin ta da ƙafa, ta kuma zo hannuna bayan kin tafi. Tunda wasu za su karanta tare da ke, ki yi haƙuri in ɗauko ta daga farko.

Kakar auduga ce. Baffa, mahaifinmu, yana fuloti, wurin awon auduga da ke bakin titi, tun safe yana jiran layi ya zo kan amalankensa. Da hantsi kika dama fura a ƙwarya, kika ɗora wa Yaya Zulai a ka ta kai masa. Shekararta tara, ni shida. Na yi ta kuka sai na bi ta, kika danne ni tsakanin gwiwoyinki saboda kitsona bai ƙare ba. Furar ba ta isa wurin Baffa ba, Zulai kuma ba ta dawo gida ba.

An leƙa rijiyoyi. An shiga gonakin dawa da ba a girbe ba, mai shela ya zaga kasuwa, mai unguwa ya tura mutane tashar Malumfashi da ta Funtua. Washegari kuka tafi caji ofis, ke da Baffa da yayansa Kawu Sule. Ba zan faɗi wane caji ofis ba ne, don waɗanda ke cikinsa yau yawancinsu ba a haife su ba a lokacin.

Zulai ce 'yar farinki. Tun ranar suna ba ki taɓa kama sunanta ba. "Waccan" kike cewa, ko "'yar Goggo". In ta faɗi a tsakar gida sai ki kau da kai, ki bar Goggo kakarmu ta ɗaga ta. Yaran yanzu za su ce rashin so ne. Kunyar ɗan fari ce, ke kuma ga jinin Fulani, sai kika ninka ta. Ni ce shaidar son da kike mata, don kullum tsokar da ke ɓoye a ƙarƙashin tuwonta ta fi tawa girma, na kuwa sha yin mita a kan haka.

Baffa ne ya ba ni labarin ranar bayan na girma. Sajen da ya karɓe ku baƙo ne, ba ɗan ƙasar nan ba, Hausarsa ta sayen tumatir ce. Baffa ya faɗi komai. Sai sajen ya juyo gare ki ya ce ke ma ki faɗi sunan yarinyar. A gaban yayan mijinki! Kika ja mayafi kika ce, "Ga ubanta nan." Sau uku yana tambaya, sau uku kina ba shi amsa ɗaya, idonki a bushe. Ya daɗe yana kallon ki, sannan ya sunkuya ya yi ta rubutu.

Abin da bai gani ba, ni na gani. Da kuka dawo, bayan rumbu na same ki, kin cusa bakin zane a baki don kada Goggo ta ji kukanki. Kika ce in je in duba ko kaji sun sha ruwa.

Daga nan sai "ana bincike" da "a dawo wani mako". Baffa ya yi ta zuwa har shekara biyu, sannan ya ce a bar wa Allah. Dangi ma haka suka ce. Ke kuma kika ce, "Na bar wa Allah, amma su ban bar musu ba."

A kaka ta uku kika ɗaura zanenki na zuwa biki, kika kama hannuna muka fita titi muka shiga mota. An sauya sajen, wani ne a kanta, teburin karɓar ƙara. Ya tambaye ki wace magana ce ta kawo ki. Kika ɗaga kai kika ce, "Zulaihatu. 'Yata ce, ni na haife ta. Ina kuka kwana a maganarta?" Inna, bakinki na tsaya kallo. Ban taɓa jin sunan nan daga gare ki ba, sai ga shi a gaban maza masu kaki, da ƙarfi, har wanda ke tsare a bayan kanta ya leƙo. Har yau ban taɓa jin ina da uwa kamar ranar ba.

Labari ya riga mu isa gida. Mata suka yi ta cewa Hajara ta zubar da kunya. Da aka kawo miki gulmar, kika ci gaba da tankaɗenki kika ce, "Kunyar ta bi yarinyar, in ta dawo sa dawo tare."

Tun daga nan ba kakar da ta wuce ba ki je ba. Auduga ta ja baya, mutane suka koma masara da waken suya, fulotin ma ya zama wurin faci da sayar da fetur a kwalba, ke dai da an gama girbi sai ki ɗaura zane. Tambayoyinki ba su taɓa sauyawa ba: wa kuka tambaya, ina kuka je, me kuka rubuta a takardar? Amsoshinsu ne ke sauyawa. Yau oga ba ya nan, baɗi fayil yana hedikwata, wata shekarar mai makulli ya tafi salla bai dawo ba har la'asar. Wani ma cewa ya yi sirrin gwamnati ne. Kika ce masa, "Ni na yi naƙudarta, gwamnati kuma ta riƙe sirrinta?"

Ke kika tsaya kai da fata sai na yi boko, har kwalejin horon malamai. Na daɗe ina taƙama cewa ƙwaƙwalwata kika hango. Ashe ba haka ba ne! Rannan kika ce mini, "Ki koyi Turancin nan da kyau. Ranar da za su buɗe takardar, ba na son tafinta."

Bara waccan kika rasu, ba su buɗe ba. Ba ki bar mini wasiyya a kai ba, ni ce na kasa zama. Kin san ban gaji haƙurinki ba, bakin Goggo na gada. Na rubuta takardu, na je da wata ƙawata lauya, na zauna a bencin caji ofis ɗin nan da kike zama har 'yan sandan suka fara gaishe ni da "Malama, an dawo?" A ƙarshe Allah ya haɗa ni da wata sufeto, mace, wadda ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce ba zan fita da fayil ɗin ba, amma in zauna in karanta. Ta jawo mini kujera da kanta. Allah ya saka mata, don dole in faɗi alherin wanda ya yi alheri.

Inna, takarda huɗu ce kacal a ciki. Gara ta ci gefen bangon.

Ta farko bayanin Baffa ne. Ta biyu rubutun sajen nan ne, ga shi ba tafinta. Ya ce uwar yarinya ta ƙi faɗin sunan 'yarta, ba ta yi kuka ba, ba ta nuna damuwa ba. Ya ce a ganinsa rigimar cikin gida ce, iyayen sun san inda yarinyar take, don haka ba sai an tura kowa ba. Na karanta sau biyu, na ɗora hannu a ka. Da ya tambayi tsohon da ke share musu tsakar ofis, da ya gaya masa abin da ake nufi da 'yar fari. Bai tambaya ba. Ya yanke miki hukunci da biro, ya rufe, ba wanda ya karanta miki balle ki kare kanki.

Ta ukun ce ta fi ƙona mini rai. Wata mai waina a bakin fuloti, Iya Tabawa, ta kai kanta caji ofis kwana uku da ɓatan. Ta ce ta ga yarinya da ƙwarya tana kuka a saman wata koriyar motar auduga, an nufi wajen Funtua. A ƙarƙashin bayaninta babu komai. Ba a bi motar ba, ba a gaya wa Baffa ba, ba a gaya miki ba. Duk shekarun nan kina tsaye a kanta, takardar tana cikin kabad a bayan mai ce miki ana bincike.

Ta huɗun kuwa taki ce. Gaba da baya an cika ta da layi iri ɗaya, hannu daban-daban, tawada daban-daban, wata ta koɗe wata sabuwa: mahaifiya ta zo. Mahaifiya ta zo. Mahaifiya ta sake zuwa. Sufeton ta ce fayilolin shekarun nan yawanci gara da yoyon ruwa sun gama da su. Wannan ya tsira ne saboda duk shekara sai an ciro shi an kaɗe an rubuta zuwanki. Mutum ɗaya ya rubuta cewa ba ki damu ba, abokan aikinsa kuma suka yi shekara talatin suna ƙaryata shi da hannunsu ba su sani ba. Na yi kuka a kujerar nan, ban kuwa cusa zane a baki ba. Rabin kukan takaici ne, rabi alfahari da ke.

Mako biyu na yi ina bin masu waina, wannan ta tura ni wurin waccan, har na samo Iya Tabawa a gidan ɗanta a Funtua. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma hankali garau. Ina fara magana ta washe baki ta ce, "Yarinya mai ƙwarya! Yanzu ai ta yi jikoki ko?"

Ashe an ce mata ta koma gida za a kula, da ba wanda ya sake neman ta sai ta ɗauka an ga yarinyar. Har jikokinta ta sha ba labarin yadda Allah ya sa ta zama sanadin ceto wata yarinya. Ba zan ɓoye miki ba, na so in ce mata eh. Tsohuwa ce, me zan ƙara mata ban da baƙin ciki? Sai na ga in na yi haka na zama ɗaya da masu ce miki ana bincike. Na gaya mata gaskiya, na kuma gaya mata kin rasu kina nema.

Ta yi salati. Sannan ta ce a miƙo mata takalmanta.

A ranar muka shiga mota. A gaban sufeton ta sake ba da bayani, har da abin da ba a tambaye ta ba a wancan lokacin: an zana tsuntsu a ƙyauren bayan motar, mutumin da ke riƙe da yarinyar kuma yana da zane uku-uku a kumatu. Tsofaffin direbobin auduga suna nan a rumfarsu a tasha, da zane suke gane mota kamar yadda Baffa ke gane shanunsa. Sufeton ta sa hular aikinta muka je tare. Biyu sun tuna motar, suna gardama a kan mai ita. Iyakar inda muka kai ke nan. Amma yanzu duk abin da aka rubuta sai an karanta mini, an buga hatimi, an ba ni kwafi.

Ba mu ce sai sun yi abin da ya fi ƙarfinsu ba. Ɗan sanda mutum ne, yana iya nema bai samu ba. Abin da kika roƙa kawai shi ne a gaya miki abin da aka yi da abin da ba a yi ba. Da an karanta miki takarda ta uku a makon farko, na rantse da ƙafa za ki taka har Funtua, kuma a lokacin motar tana kan titi, mai ita yana da rai. Har yau akwai iyaye mata a bencin nan. Na fara zama kusa da su ina gaya musu su nemi a karanta musu.

Inna, ban samo miki Zulai ba. Na dai wanke ki. An ƙara takarda a fayil ɗin, da hannuna da sa hannun sufeto, mai bayyana dalilin da ya sa kika ja mayafi a ranar. Duk wanda ya buɗe shi daga yau zai san irin uwar da ke ciki.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane taku da kika yi zuwa kantar nan ya zama haske a gare ki. Allah ya jiƙan Baffa da Goggo. Zulai kuwa, har yanzu ban san wace addu'a ce tata ba, ta masu rai ko ta waɗanda suka riga mu. Duka biyun nake mata bayan kowace salla. In tana wurinki, kin riga ni sani. In ba ta nan, Allah ya sa tana inda ake jin tausayinta, ya kuma ba ni tsawon kwanan da zan kai mata gaisuwarki.

Wassalam.

'Yarki mai alfahari da ke,
Rabi, daga Malumfashi.