Takardun Farin Dutse

Litinin, 5 ga Satumba

Kwana uku ana ruwa. Gadar hanyar Gwaram ta karye jiya, yau kuma sabis ya ɗauke gaba ɗaya, wai ruwa ya shiga injin ƙarfen sabis. Malam yana Kano, ba halin dawowa. Waya tana hannuna kamar dutsen guga.

Talata, 6 ga Satumba

An ce katangu sun faɗi da yawa a Farin Dutse, har an rasa mace guda. Ba a san ko wace ce ba. Can 'yar Inna take aure, ga ciki wata takwas. Da aka faɗa a tsakar gida na ci gaba da tankaɗe. 'Yar fari ce, me zan ce? Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta zuwa Kiyako, kuma bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Haka na tarar, haka na riƙe. Garin dai sau biyu na tankaɗe shi ban sani ba.

Laraba, 7 ga Satumba

Dabo mai acaba ya fito da dabara. Ana rubuta saƙo, ya zuba a robar fenti ya rufe, ya kai bakin gada. Mai kwalekwale ya tsallakar, wani ya karɓa a can ya raba wa ladanai, a karanta a lasifika bayan Azahar. Amsa ta biyo hanyar da saƙo ya bi. Matan da nake koya wa karatu suka cika min ɗaki, tunda ni ce mai rubutu. Na rubuta talatin da ɗaya, wasu da ajami, wasu da boko. Kowacce sai na karanta wa mai ita, kada in ƙara ko in rage, amana ce. Kubra ta ce in rubuta wa mijinta cewa akuya ta haihu. Na rubuta. Yatsuna sun sage.

Tawa ita ce ta ƙarshe, bayan kowa ya watse: "A duba gidan malamin boko da ke bayan masallaci, ko suna lafiya." Suruki ma ai ba a kama sunansa.

Alhamis, 8 ga Satumba

Ashirin da shida yau. Ba amsa. Bayana yana ciwo.

Juma'a, 9 ga Satumba

Amsoshi sun zo. Ɗakin nan ya ga guɗa, ya ga kuka. Mijin Kubra ya ce a gaida akuya. Tawa ta dawo da rubutun ladan a bayanta: gidajen bayan masallaci duk sun zube, mutanen suna firamare, sun fi ɗari uku, wasu kuma an wuce da su Dingaya. Wa ake nema? A rubuto suna.

Dabo ya tsaya daga zaure yana ɗaga murya: "Malama, kowa kin rubuta masa suna har da na kakansa, taki kuma sai ka ce kacici-kacici!" Na ce Allah ya yi masa albarka, ya je. Ruwan sha ma na manta ban aika masa ba, Allah ya yafe min.

Asabar, 10 ga Satumba

Hajjo maƙwabciyata ta gane. Ta shigo ta zauna a kan buhun gero ba sallama. Ta ce da ta san sunan da tuni ta faɗa, to ita bara ta tare a unguwar, 'yar Inna kawai take ji ana cewa. "Ke da kika sauke Alƙur'ani, nuna min ayar da ta hana." Na ce ba aya ba ce, kunya ce. Ta ce, "To dafa kunyar mu ci, mu ga ko za ta tsallaka gada."

Na ji haushi. Ban nuna ba. Ita ba ta san yadda ake yaba ni ba, ranar bikin yarinyar ko leƙowa ban yi ba, tsofaffi suna cewa Mairama ta iya kara. Shekara ashirin da huɗu ina tara wannan.

Dabo ya zo ya tafi ba takardata.

Lahadi, 11 ga Satumba

Na rubuta wa mutum goma sha tara. Wata tsohuwa, Mero, ta zo neman jikanta. Ta faɗi sunansa sau uku, wai kada in manta, tana shafa takardar kamar kansa take shafawa. Da ta fita na rufe ƙofa. Na rubuta tawa da ajami, don Dabo ba ya karanta shi. Layi ɗaya ne, amma har hantsi ya dubi ludayi ban gama ba. Na naɗe sau huɗu. A ƙasa na sa: daga mahaifiyarta. Wannan ban yi niyya ba, hannu ne.

Sai bayan Dabo ya tafi da ita na tuna a lasifika za a karanta. Gari guda zai ji.

Litinin, 12 ga Satumba

Shiru. Na kasa cin tuwo. An ce ruwa ya fara ja.

Talata, 13 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Tana firamare, ɗakin aji uku, ita da mijin. Ƙafa ta kumbura, ciki lafiya. Kayan ɗaki sun tafi, to su tafi. Rubutunta ne, na san yadda take karkata shi.

Ta ce: "Yaya, da aka kira ni aka ce daga mahaifiyata, na zaci wata ake nufi. Na aika wa ladan ya sake karantawa. Takardar tana wurina, ba zan mayar ba."

Har yanzu Yaya take ce min. Shirmen yarinya, me za ta yi da takarda? Hajjo ta tambayi abin da ya shiga idona, na ce hayaƙi. Ko wuta ban hura ba.

Gobe akwai mata da yawa, ga biron nan ya fara gardama. Bari in gwada shi a nan.

Zulfa.

Zulfa.

Yana yi.