A Maido wa Ɗana Ƙafarsa, da Kirgin da Ke Dunduniyarta

Zuwa ga Malamin da ke kula da rabon ƙafafun katako a nan Sakkwato.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka shi daɗe, sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku masinja yana ce mini kana aiki. To, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, yanzu hannuna yana rubutu. Ga maganata a jarida, inda masinja ba ya iya tare ta.

A kan ɗana ne. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, yau ka sa na rubuta shi: Umaru mahauci, Ƙofar Marke. Shekara biyu ke nan da wani bijimi ya take shi a mayanka, ciwon ya ruɓe, aka yanke ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Likita ya yi aikinsa, Allah shi saka masa. Da kai nake.

Na ɗaya. Bayan azumin bara ka ba shi ƙafar katako da takalmi sau-ciki mai tudun dunduniya. Ka sa ya yi taku goma a barandarka ta siminti, yana dafe da ƙarfe dama da hagu, ka ce tafiya ta yi kyau. Lallai ta yi kyau. Sai dai babu wanda ke zaune a barandarka. Mu rairayi muke takawa, da kwata, da dokin ƙofa.

Na biyu. Wanda ya sassaƙa ƙafar nan ya sassaƙa ta ne don mutumin da ba ya tuɓe takalmi. Kai ɗan garin nan ne, ka san sau nawa namiji ke tuɓe takalmi daga asuba zuwa lisha: ƙofar masallaci sau biyar, zauren Sarkin Pawa, gaban surukai, ɗakin uwarsa. Da zarar ya tuɓe, ƙafar ta gajarce da yatsa biyu, ta kuma koma baya, sai ya riƙa tafiya kamar mai hawan tudu alhali ƙasa a shimfiɗe take. Ni ke sharar tsakar gida, na ga sawunsa. Na dama ya nutse, taku gajere, don yana gaggawar sauke nauyi a kan mai lafiyar. Na hagu kuwa dunduniya ce kawai ta caki ƙasa. Kafaɗarsa ta karkace, ƙugu ya kama ciwo, dungun ya saɓule har yana jini. Abin da ya fi tsorata ni, gwiwar dama ta fara kumbura. Ƙafar nan kaɗai ta rage masa.

Ya zo maka da kuka, ka ce ya daina tuɓe takalmin. Wannan fatawa a wane littafi ka karanta ta? Kai da takalmi kake shiga sahu?

Na uku. Da na ga ya fara salla a gida don kunya, na ɗauki ƙafar a cikin zane na kai wa wani baduku a Tudun Wada. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ka aika masa da ɗan doka. Bai yi makaranta ba. Ya biyo ni gida, ya sa Umaru ya ɗaura ta ya tsaya babu takalmi, ya duba shi ta baya, ya yanka kirgi, wato jemammiyar fatar sa, ninki uku ya kafa a dunduniyar, ya ɗinka masa takalmi fade mara tudu. Aikin yini ɗaya. Ranka shi daɗe, wata huɗu ɗana yana tafiya kafaɗa daidai. Kumburin ya sace. Ya koma masallaci, ya koma kasuwa yana tsayawa a bakin teburinsa har la'asar.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Talatar da ta wuce ka kira shi dubawa. Ya shigo yana tafiyarsa, ka ma yaba, har ka kira akawunka ya gani. Sai da ya zauna ka hango kirgin. Nan take ka ce an ɓata kayan gwamnati, ka sa aka kwance ƙafar, aka kulle a kabad. Ɗan mutum ya shigo da ƙafa biyu ya fita da ɗaya, masinja na riƙe da shi. Wani mai jaki ne ya kawo mini shi gida. Ashe tafiyar da ka yaba laifi ce, tun da ba kai ka gyara ta ba. Ana ta cewa mulkin kai ya kusa, 'ya'yanmu za su riƙe ofisoshi. Kai ka riga ka riƙe, mun ga samfuri.

Sarkin Pawa ya yi mana kara, ya ce zai tsare masa teburinsa har babbar salla, daga nan sai ya ba wani. Ban ga laifinsa ba. Umaru na da mata da 'ya'ya biyu, da ni.

Ga roƙona. Ka buɗe kabad ɗin ka maido masa ƙafarsa kafin salla, da kirginta, kada a ɓamɓare ko ƙusa ɗaya. In hukunci ya zama dole, ni na ɗauka na kai, ni za a kama. Gidana ba ya ɓata. Sauran waɗanda ka ba irin wannan ƙafa kuma, ka kira su, ka sa su tuɓe takalmi su taka ƙasa a gabanka.

Allah shi ƙara maka girma, shi kuma bar ka da ƙafafunka biyu har ƙarshen ranka, kada shi kai ka gaban ma'aikaci irinka.

Wassalam.

Ni ce, Hajara uwar Umaru,
Ƙofar Marke, Sakkwato.